KETEKU: HAƊIN IRI DA ZAƁEN SHANU A ƘASAR BAGUDO DA IYAKAR BENIN

1.0 GABATARWA

Duk lokacin da aka tayar da zancen kyautata irin shanu a Nijeriya, abin da kan fara zuwa zuciyar mai sauraro shi ne bijiman Turai ko na Barazil, da gonakin gwamnati, da likitocin dabbobi. Galibin mutane sun ɗauka cewa haɗa iri biyu don a fitar da na uku ilimi ne da ya shigo tare da boko, shi kuwa makiyayi iyakar aikinsa ya bi saniya duk inda ta sa gaba. Tarihin shanun ƙasar Bargu bai goyi bayan wannan zato ba. A wannan ƙasa, wadda gefenta na arewa ya faɗo cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, makiyaya sun haɗa shanu masu tozo da marasa tozo, suka yi ta zaɓe a cikin 'ya'yansu, har aka sami wani iri mai zaman kansa wanda ake kira keteku.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda keteku ya samu, da ƙa'idojin da makiyayi ke bi wajen zaɓen iri, da abin da ilimin gado na zamani ya ce game da su. Za a bi ta kan sunayen shanu, domin kuwa a cikin sunayen ne aka adana sashe babba na wannan sani. Daga ƙarshe za a duba dalilan da suka sa keteku ke narkewa cikin manyan shanu masu tozo, da hasarar da za a yi idan ya ɓace.

2.0 ƘASAR DA MUTANENTA

Bagudo tana kudu maso yammacin Jihar Kebbi, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991. Kogin Kwara ya ratsa ƙaramar hukumar, ya bar garuruwan Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya a ƙetare. Daga su sai Jamhuriyar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. Yankin Benin da ke maƙwabtaka da su shi ne Alibori, babban garinsa Kandi, kuma garin Segbana shi ne ke fuskantar Tsamiya.

Wannan iyaka ba ta daɗe ba idan aka gwada ta da kiwo. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ce ta raba ƙasar Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa kuma ta faɗa hannun Ingila. A farkon mulkin Turawa aka cire Illo da Ka'oje daga Bargu aka haɗa su da masarautar Gwandu, amma har yanzu sarautar Ka'oje tana amsa sunan Sarkin Bargu. Mazauna yankin sun haɗa da Fulani da Hausawa da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa, kuma da yawa daga cikinsu suna da dangi a kowane gefe na iyakar.

Abin da ya ba yankin muhimmanci ga wannan nazari shi ne zamansa tsakanin yanayi biyu. Arewa da kogi ƙasa ce ta sarari mai ƙarancin ruwan sama. Kudu da shi kuwa daji ya fi duhu, rafuka sun fi yawa, ciyawa ta fi daɗewa ɗanya, amma a nan ne ƙudan tsando ke zaune. Da rani garkuna kan gangara fadamun Kwara, wasu su ƙetare su nausa kudu, da damina kuma su komo arewa gudun ƙuda. Wannan kai da komo shi ya sa shanun arewa da na kudu suke haɗuwa a mashaya ɗaya.

3.0 GIDA BIYU NA SHANU

Masana sun kasa shanun Afirka ta Yamma gida biyu. Gida na farko shi ne na marasa tozo, waɗanda suka riga zuwa nahiyar da dubban shekaru, kuma su ne ake gani a tsofaffin zane-zanen duwatsun Sahara. A cikinsu akwai mai dogon ƙaho, watau ndama ta tsaunukan Futa Jalon a ƙasar Gini, akwai kuma masu gajeren ƙaho, irin su muturu a Nijeriya da somba a tsaunukan Atakora na arewa maso yammacin Benin. Gida na biyu shi ne na masu tozo, waɗanda asalinsu ƙasar Indiya ne. Sun shigo ta gabashin Afirka, galibi daga ƙarni na 7 zuwa gaba, sa'an nan suka yi ta yaɗuwa yamma ta bakin Sahara.

A 1994 wasu masu bincike a Dublin suka gano wani abin ban mamaki. Akwai wani sashe na ƙwayoyin gado da ɗan dabba ke samu daga uwarsa kaɗai. Da suka duba wannan sashe a jikin shanun Afirka, sai suka tarar na gidan marasa tozo ne, har a jikin shanu masu tozo. Ma'anar wannan ita ce, bijimai ne suka kawo tozo, aka yi ta sa su suna barbarar shanun da aka tarar a ƙasa. Ashe ke nan haɗin iri ya daɗe ƙwarai a nahiyar, kuma tun farko ta hanyar bijimi ake yin sa.

Kowane gida yana da falalarsa da aibinsa. Masu tozo sun fi girma, sun fi nono da nama, suna jure tafiya da zafi da ƙishirwa, amma sammore kan kayar da su. Sammore cuta ce da ƙudan tsando ke sa wa dabba a cikin jini idan ya cije ta. Dabbar takan rame, gashinta ya tashi, jininta ya yi ta raguwa, mai ciki ta yi ɓari, daga nan sai mutuwa in ba a yi magani ba. Muturu kuwa ɗan ƙarami ne, tsayinsa bai cika kai mita 1 ba, nauyinsa ma bai cika wuce kilo 200 ba, nononsa da ƙyar yake wuce na maraƙi. Amma jikinsa yana iya danne ƙwayar cutar, ya hana jini ƙarewa, ya ci gaba da haihuwa a inda mai tozo zai mutu. Kazalika ya fi jure kirci da kaska. Wannan juriya tana da iyaka, domin yunwa da wahala sukan karya ta.

4.0 SUNAYEN IRE-IREN SHANU

Ga ire-iren da aka sani a wannan yanki da maƙwabtansa, tare da sunayensu:

(a) Bunaji. Su ne fararen shanu masu baƙin kunne da baƙin hanci, masu matsakaicin ƙaho. Fulani kan kira su yakanaaji ko daneeji. A cikin masu tozo su ne suka fi iya zama a ƙasa mai danshi.

(b) Gudali ko bokolo, a Fulatanci bokolooji. Gidansu ƙasar Sakkwato. Suna da gajeren ƙaho, da kauri, da sakakkiyar fata a ƙarƙashin wuya, ga sanyin hali. Su ne masu kiwon turke da manoma masu garmar shanu suka fi so.

(c) Rahaji ko boɗeeji. Jajayen shanu ne masu dogon ƙaho da dogayen ƙafafu, waɗanda aka san Bororo da su. Gwanayen tafiya ne, amma danshi ba ya karɓar su.

(d) Azawak. Sun samo suna daga kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali, sun kuma yi fice wajen nono.

(e) Jalli ko jelliiji. Shanun Fulanin bakin Kwara ne a Jamhuriyar Nijar.

(f) Muturu, wanda bayaninsa ya gabata.

(g) Keteku, a Fulatanci keteeji. Akan kuma ji ketari, ko kataku, ko shanun Kayama. A Benin sunan ƙasar Bargu aka laƙaba wa irin a takardun hukuma.

Ƙidayar dabbobin da aka yi a Nijeriya a 1990 ta ba da shanu kimanin miliyan 13.9. Bunaji ne suka fi yawa da kimanin kashi 37 cikin ɗari, gudalin Sakkwato na bi musu da kimanin kashi 32, sai rahaji da kimanin kashi 22. Muturu da keteku ba su wuce ɗan ƙaramin kaso ba.

Akwai abubuwa uku da mai nazarin harshe zai lura da su a wannan jeri. Na farko, ɗafin -ji da ke ƙarshen sunayen alamar jam'i ce a Fulatanci, domin sunayen suna siffanta kalmar na'i ne, watau jam'in nagge. Hausa ta ari kalmomin da jam'insu ta mayar da su sunan iri, shi ya sa Bahaushe zai nuna sa guda ɗaya ya ce bunaji ne. Na biyu, sunayen suna da tushe daban-daban. Wasu launi suka bi, kamar daneeji, farare, da boɗeeji, jajaye. Wasu ƙasa suka bi, kamar azawak da shanun Kayama. Wasu kuma sun danganci ƙirar jiki, kamar gudali, wanda ke nufin mai gajeren ƙaho da gajerun ƙafafu. Na uku, kalmomin kiwo da yawa daga Fulatanci Hausa ta aro su, alal misali burtali daga burtol, da jangali daga jangal, inda ta ƙara wasali a ƙarshe bisa ga ƙa'idarta. Kalmomin kasuwa da na nama kuwa, irin su kara da turke da fawa da tozo, a bakin Bahaushe suka fi zama. Harshe ya nuna yadda aka raba aiki: Bafilatani ke fitar da iri, Bahaushe ke saye ya turke ya yanka.

5.0 YADDA KETEKU YA SAMU

Keteku ruwa biyu ne, tsakanin shanu masu tozo, musamman bunaji, da marasa tozo masu gajeren ƙaho. Galibi fari ne da baƙin kunne da hanci kamar bunaji, wani lokaci da ɗigo-ɗigon baƙi. Tozonsa ƙarami ne, a jikin mace ma da ƙyar ake ganin sa. Girmansa yana tsakanin na iyayensa biyu, saniya kan yi tsakanin kilo 200 da 300. Juriyarsa ga sammore ba ta kai ta muturu ba, amma ta fi ta masu tozo. Abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin iri shi ne, in keteku ya barbari keteku, keteku ake haifa.

Game da lokacin da irin ya kafu, akwai bincike da aka buga a 2014, wanda Laurence Flori da abokan aikinta suka yi a kan ƙwayoyin gadon shanun Bargu guda 203. Sun ƙiyasta cewa haɗin da ya haifar da irin ya auku kimanin shekara 130 kafin lokacin binciken, watau daidai zamanin babbar annobar bushiya. Wannan annoba ta shigo Afirka ta gabas a ƙarshen shekarun 1880, ta iso ƙasashen daular Sakkwato wajen 1890 zuwa 1891, ta hallaka mafi yawan shanu. Bafaranshen nan Monteil, wanda ya ratsa Sayi da Argungu da Sakkwato da Kano a 1891, ya rubuta irin ɓarnar da ya gani a hanya. Fulani sun riƙe wannan annoba da sunan Sannu.

Ba wuya a fahimci abin da ya biyo baya. Wanda garkensa ya ƙare ba ya tsayawa zaɓen launi, da abin da ya rage yake sake tayar da dukiya. A ƙasar Bargu, inda manoma ke da ƙananan shanu marasa tozo, Fulani kuma suke shigowa da bijimai masu tozo, haɗin ya zama hanya mafi sauƙi. Daga nan ƙasa ta yi nata zaɓen. Maraƙin da ya ɗebo jinin masu tozo da yawa, sammore ya ɗauke shi. Wanda ya ɗebo na muturu da yawa, makiyayi ya raina girmansa ya sayar. Na tsakiya ne ya wanzu ya hayayyafa.

6.0 ZAƁEN IRI A RUGA

Ya kamata a san cewa makiyayi ba don nama kaɗai yake kiwo ba. Abin da yake nema a jikin saniya shi ne nono, da yawan haihuwa, da jure rani, da iya tafiya, da sanin muryar mai ita. Naman da ke zuwa kasuwa daga rarar maza yake fitowa da tsofaffin shanun da suka daina haihuwa. Duk da haka, ƙa'idojin da Fulani makiyaya ke bi su ne dai ƙa'idojin kyautata kowane iri.

Ta farko ita ce zaɓen bijimi. Saniya ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wata 9, kuma a kiwon gargajiya sau da yawa sai ta yi kusan shekara 2 kafin ta sake haihuwa. Bijimi ɗaya kuwa yana iya zama uban maruƙan garke duka. Saboda haka rabin gadon garke yana jikin dabba ɗaya ko biyu. Makiyayi kan duba ƙirar ɗan sa da lafiyarsa, amma ya fi duba uwarsa da kakarsa: shin masu nono ne, suna haihuwa a kan kari, 'ya'yansu suna rayuwa? Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ta biyu ita ce hana sauran maza barbara, ta hanyar dandaƙa ko fiɗiya, ko sayar da su tun suna ƙanana. Ta uku ita ce riƙe salsala. Binciken da Saverio Krätli ya yi a cikin Woɗaaɓe na Nijar a farkon shekarun 2000 ya nuna cewa maraƙi kan ɗauki sunan zuriyar uwarsa, makiyayi kuma yana haddace asalin dabbobinsa zuwa kakanni, yana kuma aron bijimi daga wani garke don kada jini ya yi kusa. Ta huɗu ita ce al'adar haɓɓanaaye, inda mutum ke ba ɗan'uwansa ko abokinsa aron karsana, ta haihu a wurinsa ya riƙe 'ya'yan, sa'an nan ya mayar da uwar. Taimako ne da zumunci, amma kuma hanya ce da iri mai kyau ke bi daga garke zuwa garke.

7.0 LISSAFIN JINI

Ilimin gado na zamani, wanda ya faro daga gwaje-gwajen da Mendel ya buga a 1866, ya bayyana dalilin abin da makiyayi ya gano da ido. Kowane maraƙi yana karɓar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba. Idan iyayen sun fito daga gidaje masu nisa da juna, 'ya'yan farko sukan fi matsakaicin iyayensu ƙarfi da saurin girma da haihuwa. Ana iya kiran wannan ƙarfin ruwa biyu. Sai dai ba ya ɗorewa duka, domin in aka haɗa 'ya'yan farko da junansu, kimanin rabinsa ke saura, kuma jikokin kan fito kowa da kamarsa. Shi ya sa fitar da sabon iri ke bukatar zaɓe na shekaru masu yawa har kama ta daidaita.

Manyan ƙasashen da suka shahara da naman shanu ta wannan hanya suka bi. A Teksas ta Amurka an fitar da Santa Gertrudis, wanda aka amince da shi a matsayin iri a 1940, da kashi 5/8 na jinin Shorthorn ta Ingila da 3/8 na Brahman mai tozo. A Afirka ta Kudu Farfesa Jan Bonsma ya fara aikin da ya haifar da Bonsmara a 1937, inda ya bar 5/8 ga shanun ƙasar, watau Afrikaner, ya ba shanun Ingila 3/8. A duka biyun abin da aka nema shi ne gwargwadon da zai haɗa nama da jure yanayin ƙasa. Abin da makiyayan Bargu suka nema ke nan, illa dai su ba su rubuta ba.

Wannan lissafi kuma shi ke nuna yadda iri ke ɓacewa. A ƙaddara saniyar keteku rabin jininta na muturu ne. In bijimin gudali ya barbare ta, 'yarta za ta ɗauki rubu'i, watau 1/4. In aka sake sa wa 'yar bijimi mai tozo, jikanya za ta ɗauki sumuni, watau 1/8. A karo na uku sai 1/16. Tun da karsana a kiwon gargajiya takan yi haihuwar fari tana da shekara 4 zuwa 5, cikin shekara 12 zuwa 15 garke zai iya juyewa gaba ɗaya ba tare da an sayar da saniya ko ɗaya ba. Mai garke zai ga shanunsa sun ƙara girma ya yi murna, ba zai san abin da ya fita daga jininsu ba sai shekarar da ƙuda ya yi yawa ko magani ya yi tsada.

8.0 GONAKIN GWAMNATI

Hukumomi ma sun yi nasu ƙoƙarin. A 1928 aka buɗe gonar dabbobi ta Shika kusa da Zariya, inda aka yi aikin zaɓen bunaji da gudali, daga baya kuma aka haɗa bunaji da shanun Firiziyan na Turai don nono. A 1976 gonar ta zama cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Nijar tashar Tukunus da ke yankin Filinge ta duƙufa kan zaɓen azawak tun 1954. A Benin gonar Okpara kusa da Faraku, wadda aka kafa a 1952, tana riƙe da garken shanun Bargu. A farkon shekarun 1980 Nijeriya ta sayo ndama kimanin 5,000 daga Gambiya don yankuna masu ƙudan tsando, a 2004 kuma Benin ta shigo da shanun Girolando daga Barazil.

Darasin da ya yi ta maimaituwa a ire-iren waɗannan ayyuka shi ne, ruwa biyu na farko kan yi kyau muddin akwai abinci da ruwa da magani. Da zarar jinin waje ya rinjaya, aka kuma kai dabbar ruga inda za ta yi tafiyar yini a bayan ciyawa, sai zafi da kaska da kirci su tasar mata. Barbarar allura, watau ɗura wa saniya maniyyin bijimin da aka zaɓa, ta sa irin waje ya fi saurin isa ƙauye fiye da da. Alherinta da haɗarinta duka a wannan saurin suke.

9.0 ABIN DA KE RAGE KETEKU

Shanun da suka fi yawa a ƙasar Bagudo a yau masu tozo ne. A arewacin Benin ma masu bincike sun yi ta nuna cewa jinin masu tozo yana ƙaruwa a garkunan shanun Bargu. Dalilan haka suna da yawa.

Na farko shi ne sauyin ƙasa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun koro makiyayan arewa da manyan shanunsu zuwa kudu. Sare daji don noma kuma ya rage mazaunin ƙudan tsando na cikin daji, ko da yake mai bin kurmin bakin rafi yana nan. Na biyu shi ne magani. Samuwar allurai irin su Berenil da Samorin ta sa makiyayi yana iya riƙe mai tozo a inda da ba zai rayu ba, sai dai an sami rahotanni daga ƙasashen Afirka da dama cewa ƙwayar cutar ta fara bijire wa waɗannan magunguna. Na uku shi ne kasuwa. A kara da ido ake ciniki, ba a aza dabba a kan sikeli. Falken da zai loda mota zuwa Ikko ko Badun ko Kwatano babban sa yake nema, mahauci ma haka, mai kiwon turke ma haka. Manomin auduga a Alibori shi ma babban sa yake so a gaban garma. Na huɗu shi ne taƙaita zirga-zirga. Ƙungiyar ECOWAS ta tsara ƙa'idar ƙetare iyaka da dabbobi a 1998, amma a Disamban 2019 Benin ta hana shigowar garkunan waje don kiwo, a daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Irin wannan mataki yana yanke hanyoyin da makiyayan gefen biyu suka saba musayar bijimai da karsana.

Ba za a zargi makiyayi don ya bi abin da kasuwa ke biya ba. Amma akwai lissafin da kara ba ta yi. Ƙaramar saniya abincinta kaɗan ne, kuɗin maganinta kaɗan ne, kuma ga talaka mai shanu biyar, wadda ta rayu ta haihu ta fi babbar da ta mutu. Binciken da aka yi a Afirka ta Yamma a kan shanu masu jure sammore ya nuna cewa, in aka auna amfanin dabba gwargwadon nauyin jikinta, ƙananan ba su gaza manyan ba a ƙasa mai ƙuda. Bushiya an shawo kanta, an kuma bayyana ƙarewarta a duniya a 2011, amma sammore har yanzu ba shi da allurar rigakafi.

10.0 KAMMALAWA

An ga yadda keteku ya fito daga haɗuwar gidajen shanu biyu a ƙasar Bargu bayan annobar bushiya, da yadda zaɓen makiyayi da na ƙasa suka daidaita shi. An kuma ga cewa hanyar da aka bi aka gina shi, watau bijimi, ita ce dai hanyar da ake bi ana rushe shi. A 2007 ƙasashen duniya suka amince, a taron Interlaken, da wani shiri na kare ire-iren dabbobin gida, a 2024 kuma Nijeriya ta kafa ma'aikatar tarayya ta bunƙasa kiwo. Ya dace duk wani shirin kyautata shanun nama a wannan yanki ya fara da tanadin garkunan keteku da na gudali tsantsa, tare da haɗa kai da gonakin Benin, kafin a yi maganar irin waje, domin ba a yin ruwa biyu sai iyaye biyu suna nan.

Masu nazarin harshe ma suna da nasu aikin. A 2019 wasu masu bincike na Jami'ar Abomey-Calavi suka tattara sunayen da makiyayan Benin ke kiran shanunsu, suka gwada su da awon jikin dabbobin, kuma a cikin sunayen barguuji daban yake da keteeji. Wannan ya nuna makiyayi yana rarrabe abin da takarda ta haɗa wuri ɗaya. Ana bukatar irin wannan aiki a Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya: a tattara sunayen iri da na launi da na ƙaho da na zuriya, cikin Fulatanci da Hausa da Dandanci da Busanci, daga bakin dattawan da suka yi kiwon keteku da hannunsu, tun suna da rai.